Kwana Huɗu a Kan Hanyar Ƴan Duwan

Nijar ba ta da teku. Yaron Maraɗi ko na Tawa ya san tabki, ya san gulbi in damina ta sauka, wanda ya taɓa zuwa Yamai kuma ya ga kogin Isa. Amma teku, sai dai a taswirar da ke rataye a bangon aji, inda aka shafa masa shuɗin launi. Wanda yake so ya gan shi da idonsa, daga Yamai sai ya yi tafiyar kilomita wajen 1000 kafin ya kai Kwatano. Wannan labarin waɗansu samari ne da suka bi bakin teku da ƙafa, kwana huɗu, kayansu goye a baya.

Uku daga cikinsu ƴan Nijar ne, suna karatu a birnin Brest, can yammacin Faransa, a yankin da ake kira Biretanye. Kada ku haɗa sunan da Birtaniya ta Turawan Ingila, akwai teku a tsakaninsu. Babbansu Ba'adare ne, ba shi da yawan magana, ba ya rabuwa da rawani, sauran suna ce masa Yaya. Na biyu mutumin Maraɗi ne, ga tsawo ga surutu, kowa Dogo yake ce masa. Na uku daga Damagaram ya fito, shi ne ƙaraminsu, don haka ya zama Auta. Na huɗu Bature ne ɗan ajinsu, haifaffen yankin. Suka laƙaba masa Ɗan Gari. Da aka fassara masa sunan, ya karɓa da murna.

Shekara biyu suna zaune kusa da teku, amma ta tagar mota kawai suke hangensa. Da aka ba da hutu a watan Yuli, Ɗan Gari ya ce musu: "Ku zo mu bi hanyar ƴan duwan. Kun ga teku, amma ba ku san shi ba."

Hanyar da yake nufi tsohuwa ce. A shekarar 1791 hukumar Faransa ta sa aka share ta domin ƴan duwan. Dare da rana suna sintiri a bakin teku, suna tsaron jiragen ƴan fasa-ƙwauri masu shigo da haja a ɓoye. Tun da aikinsu shi ne su leƙa kowane lungu, hanyarsu ba ta san yanke ba. Duk inda ƙasa ta kutsa cikin teku, hanya ta bi ta har ƙarshe. Duk inda teku ya kutso cikin ƙasa, hanya ta zagaye shi. Daga baya aka daina sintirin, ciyawa da ƙaya suka cinye ta. A 1968 waɗansu masu son tafiyar ƙasa suka fara gyara ta. A 1976 aka yi doka: ko filin wane ne ya kai bakin teku, dole a bar faɗin mita 3 domin masu wucewa da ƙafa. Yau sunanta GR 34, tsawonta ya wuce kilomita 2000. An yi mata alama da fenti a jikin duwatsu da itatuwa, farin layi a sama, ja a ƙasa. In ka ga layukan biyu sun gicciye juna, to, ba nan ba ce, koma da baya.

Dogo ya ce: "Ni ɗan Maraɗi ne. Tun da nake ban taɓa jin wanda ya bi ƴan duwan da kansa ba, sai dai ya zagaye su." Aka yi dariya.

Suka zaɓi yanki ɗaya, daga garin Douarnenez zuwa wani hancin dutse da ake kira Pointe du Raz. A mota ba a awa ɗaya. A hanyar ƴan duwan kuwa ya wuce kilomita 50. Dogo ya raina abin. Ya ce kakansa yana zuwa Katsina da ƙafa, da jaki da kaya, wannan ai yawon shan iska ne. Ɗan Gari ya yi murmushi bai ce kome ba.

Masu irin wannan tafiya suna da ƙa'ida: kada jakarka ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinka. Dogo kilo 70 ne. Ku yi lissafi, za ku ga kilo 14 ya kamata ya ɗauka. Da aka auna jakarsa sai ga kilo 19. Butar shayi tana ciki, da kofuna, da doguwar riga biyu, da kilishi, har da rediyo. Yaya bai ɗauki tarkace ba, amma ya ɗaure jarka mai lita 5 a saman jakarsa, kowace lita kuwa kilo guda ce.

Dogo ya ce: "Haba Yaya! Bakin teku za mu, kai kuma kana dakon ruwa?"

Yaya ya ce: "Mutumin Adar ba ya barin gida babu ruwa."

Ɗan Gari ya sa taswira a aljihu, da wani ɗan littafi mai cike da lambobi. Auta tambaya ɗaya ya yi: "Hanyar tana da faɗi?" Ba wanda ya kula da tambayar.

Ranar farko

Douarnenez garin masunta ne, ya yi suna wajen sardin na gwangwani. Suka sayi gwangwani takwas da burodi, suka fita gari da hantsi.

Da fari hanya ta yi daɗi. Can sai gidaje suka ƙare, ƙasa ta fara tashi. Kafin azahar suna tafe a saman wata katangar dutse, teku yana can ƙasa yana dukan gindinta, farin kumfa yana tashi. Wanda ya san duwatsun Damagaram ko na Dogon Dutsi, ya ƙaddara an jera su kafaɗa da kafaɗa, an sare gefe ɗaya kamar da wuƙa, sannan aka zuba ruwa iyakar ganin ido. A waɗansu wurare tsawon katangar ya wuce mita 60. Faɗin hanyar kuwa bai fi na turbar awaki ba. Dama teku, hagu wata irin ƙaya mai furanni rawaya, wadda ke huda wando ta sami fata.

Abin da Dogo bai sani ba shi ne, hanyar ba ta miƙe ba. Kowane ƙaramin rafi da ke gangarowa teku ya yanka kwari a cikin dutsen. Sai ka sauka har ƙasa, ka tsallake ruwan da bai kai idon sau ba, ka sake hawa. Kana kaiwa sama ka tarar da wani kwarin yana jiranka. Hanyar Katsina ba haka take ba. A kwari na shida surutun Dogo ya ragu. A na tara ya ɗauke ɗif.

Sannan ga ƙishirwa. Ruwa a gabansu har ƙarshen duniya, amma ba mai iya kurɓar ko cokali, domin kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri wajen giram 35. Wanda ya sha, ƙishirwarsa ƙaruwa take yi. Ƙauyuka kuma ba a bakin dutsen suke ba, suna can ciki, sai an ratse. Gorunansu suka ƙare tun kafin la'asar. Yaya ya sauke jarkarsa, ya miƙa wa Dogo da fari, bai ce masa uffan ba. Shirun nan ya fi zagi ciwo. Daga baya Ɗan Gari ya nuna musu dabarar matafiyan ƙasarsu: a maƙabartar ƙauye ana samun famfo, domin masu ba furanni ruwa. Suka ratse suka cika gorunansu a can.

Auta shi ne kullum a baya. In hanya ta matso bakin dutse, sai ya kau da kai, ya riƙa tafiya yana goga jikinsa da ƙaya. Hannunsa na hagu duk ya yi jini. Tsoron bisa gare shi tun yana yaro, ko kan soro ba ya hawa, amma kunya ta hana shi faɗi. Dogo ya lura. Maimakon ya rufa masa asiri, sai ya sami abin da zai manta da gajiyarsa.

"Auta, zo ka leƙa! Ko a ɗauko maka zanen goyo?"

Auta ya yi yaƙe. Wasa ne, amma irin wasan da mai yinsa kaɗai ke jin daɗinsa.

Suka wuce Pointe du Millier, inda aka gina wani gida mai fitilar jagorar jiragen ruwa a 1881. Da yamma suka kafa tanti a filin da aka tanada domin matafiya, saboda an hana kwana ko hura wuta a bakin dutsen. Nan suka ga wani abin mamaki, ko da yake sun saba da shi a birni: ƙarfe 9 na dare rana tana sama, ba ta faɗi ba sai bayan ƙarfe 10. Suka yi ta jiran magariba suna gyangyaɗi. Alƙibla a can kudu maso gabas take. Suka yi sallarsu ta matafiya, suka kwanta kamar an jefar da su.

Ranar da teku ya dawo

Yanzu sai a yi bayanin ɗan littafin nan na Ɗan Gari, domin ba za ku gane abin da ya faru ba sai da shi.

Teku ba ya zama wuri ɗaya kamar tabki. Sau biyu a yini da kwana yana cikowa, sau biyu yana janyewa. Wata ne ke jan ruwan, rana tana taimaka masa. Daga janyewa zuwa cikowa awa 6 ne da ƴan mintoci, kuma kowace rana lokacin yana ƙara jinkiri da minti wajen 50. In wata ya cika, ko in ya ɓace gab da tsayuwar sabo, abin ya fi ƙarfi. A wannan gaɓa, a irin waɗannan kwanaki, ruwa yana iya tashi fiye da mita 5. Littafin yana faɗin lokacin kowace cikowa da kowace janyewa, na shekara guda cur.

Kuma ba da gudu ɗaya yake cikowa ba. Masunta suna raba tashin ruwan kashi 12. Awa ta farko kashi 1, ta biyu kashi 2, ta uku kashi 3, ta huɗu kashi 3, ta biyar kashi 2, ta shida kashi 1. Ku ɗauki alli. In ruwa zai tashi mita 6 gaba ɗaya, nawa zai tashi a awa ta uku kaɗai? Mita ɗaya da rabi. Wato inda yaro ɗan aji biyar yake tsaye a busasshiyar ƙasa, bayan awa guda ruwa ya shafe kansa.

Rana ta biyu da azahar suka sauka wani lungu don su huta. Matakala ce mai tsayi aka sassaƙa a jikin dutse, Auta ya sauke ta da zaune, mataki bayan mataki. A ƙasa akwai ɗan yashi da duwatsu baƙaƙe masu santsi. Teku ya janye can nesa. Suka yi alwala da ruwansa, domin ruwan teku yana halatta ga alwala, ko da yake sanyinsa ya sa haƙoransu kaɗawa. Suka ci burodi da sardin. Ɗan Gari ya duba littafinsa ya ce: "Ya riga ya fara dawowa. Kada kowa ya yi nisa." Ya faɗa sau ɗaya, ya ɗora hula a fuska, barci ya kwashe shi. Nan shi ma ya yi kuskure. Wanda ya san wuri, in yana tare da baƙi, faɗi ɗaya ba ya isa.

Dogo ya ji maganar sarai. Amma ya duba ya ga ruwa yana can nesa, yana motsi a hankali kamar bai san da kowa ba. Ya hangi wani babban dutse a gaba, jikinsa cike da ƙananan dodon-koɗi. Ya ce bari ya ɗebo wa ƙannensa ɓawonsu, su ga abin teku. Ya taka yashi ya isa, ƙafarsa ko jiƙewa ba ta yi ba. Ya zagaya bayan dutsen, ya duƙufa.

Ruwa bai zo masa ta gaba ba. Ta gefe ya zagayo, ta wani ɗan kwari da ke tsakanin dutsen da gaɓa. Sa'ad da Dogo ya ɗago kai, hularsa cike da ɓawo, sai ya ga yashin da ya tako babu shi. Tsakaninsa da abokansa ruwa ne mai faɗin taki biyar ko shida, yana shiga yana fita da ƙarfi. Dogo kuwa bai iya iyo ba. Cikin su uku ba wanda ya iya.

"Yaya! Yaya!"

Ba su taɓa jin muryarsa haka ba. Ɗan Gari ya zabura. Ya dubi ruwan, ya dubi agogo, fuskarsa ta sake. Ya ciro wayarsa, babu layi, katangar dutse ta tare. Ya miƙa wa Auta.

"Hau sama. In ka sami layi, buga 196. Lambar masu ceto a teku ce. Ga sunan wurin nan a taswira. Yi sauri!"

Auta ya ɗaga kai ya dubi matakalar da ya sauko da zaune. Ya ce bismilla, ya kama ta. Daga baya ya ce bai san yadda ya hau ba. Abin da ya tuna kawai shi ne yana ƙirga matakan da ƙarfi, da Hausa, kamar ɗan aji ɗaya, don kada idonsa ya kalli ƙasa.

A ƙasa kuwa Yaya ya kwance rawaninsa. Tsawonsa ya kai mita 5. Ya ƙulla shi da igiyar tanti, ya naɗe bakin ɗaya a hannu, ya kafa ƙafafunsa a bayan wani dutse. Ɗan Gari ya kama ɗaya bakin ya faɗa ruwa. Ya isa wurin Dogo, ya ɗaura masa a ƙirji. Dogo ya ƙi saukowa. Ya rungume dutsen, jikinsa yana ɓari.

Yaya bai saba ɗaga murya ba, amma ranar ya ɗaga. "Dogo! Dube ni nan. Yanzu ruwan iyakar ƙirjinka ne. In ka ƙara jinkiri, ya fi ƙarfinka. Sauko!"

Dogo ya sauko. Sanyin ruwan ya ɗauke masa numfashi. A tsakiya wata igiyar ruwa ta buge shi, ƙafafunsa suka bar ƙasa, kansa ya nutse. Yaya ya ja da iyakar ƙarfinsa, Ɗan Gari yana turawa ta baya. Suka zube a kan yashi su uku. Dogo ya yi ta tari yana amayar da ruwan gishiri. Gwiwarsa ta fashe, takalminsa na dama ya tafi, hular da ɓawon duka sun tafi.

Auta yana can sama yana magana da mai ceto sa'ad da ya hango su sun fita. Mutumin ya tambaye shi ko kowa yana numfashi sosai, ko akwai wanda ya bugu a kai, sannan ya ce su cire jiƙaƙƙun tufafi, su nemi wuri mai ɗumi. Sai da Auta ya kashe wayar ya lura inda yake tsaye: gab da bakin dutse, yana leƙen ƙasa. Ƙafafunsa suka saki, ya zauna daɓas.

Kada wani yaro ya karanta wannan ya ce rawani maganin teku ne. Sa'a suka yi, Allah ya kiyaye. Da sun ƙara kwata guda, da labarin ba haka ya ƙare ba. Kafin su gama tattara kaya, dutsen da Dogo ya rungume saura kansa kaɗai ake gani.

Gidan Kaka

Kakar Ɗan Gari tana zaune a wani ƙauye kusa da nan, a gidan dutse mai ƙananan tagogi. Dama can sun shirya kwana a gonarta. Suka isa da Dogo yana ɗingishi, ƙafa ɗaya takalmi, ɗaya takalmin wanka na roba. Tsohuwar ta haura shekara 85. Jikanta yana ce mata mamm-gozh, wato tsohuwar uwa, su kuma suka ce mata Kaka. Suka durƙusa suka gaishe ta, abin ya ba ta mamaki ƙwarai.

Ta ji labari, ba ta yi wa Dogo faɗa ba. Jikanta ta yi wa, da wani harshe da ba Faransanci ba, har kunnuwansa suka yi ja. Sannan ta wanke gwiwar Dogo, ta ɗauko masa takalman marigayi mijinta, ta soya musu wata irin waina mai faɗi, siririya kamar takarda, da man shanu da ƙwai.

Auta ya tambaye ta wane harshe ne wannan. Ta ce Biretonci ne, harshen iyayenta. Ta ce ranar da aka kai ta lakwal ba ta jin Faransanci sosai. A aji kuwa an hana Biretonci. Wanda bakinsa ya kuɓuce ya yi kalma ɗaya, sai a rataya masa wani abu a wuya, sau da yawa tsohon takalmin katako. Ba zai rabu da shi ba sai ya kama wani yaro yana irin laifinsa, ya miƙa masa. Wanda abin ya yini a wuyansa har tashi, shi ke shan horo.

Yaya ya ajiye cokalinsa. Ya ce: "Sambol."

Tsohuwa ta dube shi. "Ina ka san shi?"

Ya ce mahaifinsa ya rataya shi a lakwal ɗin garinsu, saboda ya ce wa abokinsa "ba ni alli" da Hausa. Ba su taɓa zaton an yi wa ƴaƴan Turawa haka a cikin Faransa kanta ba. Ita ma ba ta taɓa jin an kai abin har Afirka ba. Ta ce saboda wannan takalmin katako ba ta koya wa ƴaƴanta harshen ba, tana tsoron kada su sha abin da ta sha. Shi ya sa jikanta yake jin faɗa da Biretonci amma ba ya iya mai da amsa. Ta ce a 1977 waɗansu iyaye suka buɗe wata makaranta mai koyarwa da Biretonci, ana kiran irinsu Diwan, ma'anarsa tsiro. Auta ya ce a garinsu Damagaram tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji, inda yara ke fara karatu da Hausa kafin Faransanci. Kaka ta ce: "Ashe kun riga mu." Ta sa shi ya ƙirga mata daga ɗaya zuwa goma, tana maimaitawa. A "huɗu" ta maƙale, harshenta ya ƙi.

Da dare a cikin tanti aka yi gardama. Ɗan Gari ya ce a koma gida, laifinsa ne, ba zai sake ɗaukar alhakin kowa ba. Yaya ya ce shawarar tana hannun mai rauni. Dogo yana kwance ya juya musu baya. Can ya ce, ba tare da ya juyo ba:

"Auta, kai me ka ce?"

Auta ya ce: "Ni tsoro nake ji, Yaya Dogo. Tun jiya nake ji, gobe ma zan ji. Amma ina so in ga ƙarshen hanyar."

Da safe Dogo ya zazzage jakarsa. Ya bar wa Kaka ajiyar rediyo, da doguwar riga ɗaya, da kofuna. Butar shayi kam ya ce ko teku bai isa ya raba shi da ita ba.

Zuwa kan duniya

Rana ta uku hazo ya sauko, ba irin na hunturu mai ƙura ba, wannan mai laima ne, yana jiƙa gashin ido. Ba a ganin taki goma. Teku ya ɓace, sai ƙugin sa kaɗai daga ƙasa. Suka tafi a jere, suna neman fari da ja a jikin duwatsu. Kusa da Goulien akwai wurin da aka keɓe wa tsuntsayen teku tun 1959. Ba su ga tsuntsayen sosai ba, amma sun ji kukansu yana tasowa daga cikin hazo. Wani baƙi mai jan baki da jajayen ƙafafu ya sauka a gabansu, ya dube su, ya tashi.

Ba wanda ya shirya yadda za a jeru. Amma duk inda hanya ta ɗan buɗe, sai a ga Dogo ya koma gefen teku, Auta yana gefen ƙaya. Inda ta matse kuwa, Dogo yana gaba, yana ba da labarin kasuwar Maraɗi da ƙarfi, Auta yana kallon takalman mijin Kaka yana bin su. Labaran rabinsu ƙarya ne. Ba wanda ya ƙaryata shi.

Rana ta huɗu gari ya waye tas. Suka wuce Pointe du Van da ƙaramin cocinta na dutse, suka sauka wani faffaɗan yashi mai suna Baie des Trépassés, wato lungun matattu. Dogo ya ji fassarar, ya nemi a ba shi ɗan littafin nan. Ya duba lokaci da kansa, ya duba agogo, sannan ya yarda ya taka yashin.

Hawa ɗaya ya rage. Da la'asar suka kai Pointe du Raz. Nan ƙasa ta tsuke ta zama hancin dutse mai tsawon mita wajen 70 daga ruwa, ta nutse cikin tekun Atlantika. Iska tana neman tuge mutum. A gaba, kan wani dutse a tsakiyar ruwa, ga hasumiyar fitila da ake kira La Vieille, wato Tsohuwa. An kunna ta a 1887, mutane suka yi ta zama a cikinta suna tsaron wutar har 1995, sa'ad da aka mai da ta mai aiki da kanta. Bayanta, kilomita 8 daga gaɓa, ga tsibirin Sein kwance daidai da ruwa kamar tabarma. Daga nan babu sauran ƙasa sai nahiyar Amurka.

Ɗan Gari ya ce da Faransanci sunan jiharsu Finistère, wato ƙarshen ƙasa. Da harshen kakarsa kuwa Penn-ar-Bed, wato kan duniya. Yaya ya ce ya danganta da inda mutum ya fito.

Mutane da yawa suna wurin, waɗanda suka zo da mota, da tufafinsu masu tsabta. Suka riƙa kallon samarin nan huɗu: ɗaya da rawani mai farin gishiri a jiki, ɗaya da takalman tsoho, ɗaya hannunsa duk sartse. Auta bai je can bakin ba. Ya sami dutse mai faɗi, nesa da gefe, ya zauna, ya fuskanci teku, bai kau da kai ba. Sauran suka dawo suka zauna kusa da shi.

Gwangwanin sardin ɗaya ya rage, da guntun burodi. Yaya ya raba huɗu. Dogo ya laluba aljihun wandonsa, wanda ya shiga ruwa da shi, ya ji wani abu mai tauri. Ɓawon dodon-koɗi ne guda ɗaya, ƙarami, gefensa ya ɗan ɓalle. Ya juya shi a tafin hannu, ya miƙa wa Auta.

"Ungo. Ka kai Damagaram."

Ɗan Gari ya dubi agogo ya ce motar ƙarshe ta kusa tashi, kuma tashar tana da ɗan nisa. Suka goya jakunkunansu.